Kauri a Tsakiya: Yadda Gilashin Manne Ya Iso ga Masu Rashin Ganin Kusa

A watan Fabrairun 1306, wani mai wa'azin Kirista da ake kira Giordano da Pisa ya tsaya gaban jama'a a birnin Fulorens na ƙasar Italiya, ya ce musu ba a yi shekara ashirin ba da gano sana'ar yin tabarau. Bai ambaci sunan wanda ya gano ta ba. Amma daga wannan wa'azi ne masana tarihi suka ƙirga baya, suka ce tabarau ya ɓullo wajejen 1286 a arewacin Italiya.

Wancan tabarau na farko ba na kowa da kowa ba ne. Gilashinsa mai tudu ne kamar masa: kauri a tsakiya, sirantaka a gefe. An yi shi ne don wanda rubutu ke dushe masa idan ya kusanto da shi, galibi dattawan malaman coci masu kwafar littattafai da hannu, da attajirai masu duba lissafi. Wani zane da Tommaso da Modena ya yi a garin Treviso a 1352 ya nuna wani babban limamin coci ya ɗora irinsa a karan hanci yana rubutu. Masu rashin ganin nesa kuwa sai da suka jira har tsakiyar ƙarni na 15 kafin masu aikin gilashi su fara yi musu mai kwarmi a tsakiya. Wato a zancen tabarau, masu rashin ganin kusa ne a sahun gaba. Da aka zo kan gilashin manne, wannan ɗan faifai da ake ɗorawa kai tsaye a kan ƙwayar ido ba ruwan kunne ba ruwan hanci, sai reshe ya juye da mujiya. Su ne suka fi shan wahala kafin su samu wanda ya dace da su, kuma kaurin nan na tsakiya shi ya ja musu.

Kafin a gane dalili, sai a san yadda ido ke gani. Tun farkon ƙarni na 11 Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke shigowa ido daga waje, ba ido ke jefa haske ba. A 1604 Johannes Kepler ya ƙara da cewa hoton abin da ake kallo yana sauka ne a kan wani tantani da ke can bayan ido. Abu biyu ke tattara hasken ya sauka daidai. Na farko koniya, wato tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, wanda ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Na biyu wani ɗan madubi da ke ciki, mai kumbura idan za a dubi abu na kusa, ya saki idan an ɗaga kai. Tsawon idon baligi daga gaba zuwa baya wajen milimita 24 ne. Idan ya gaza haka, haske kan isa bayan idon bai gama haɗuwa ba, hoto ya fito dishi-dishi. Gajartar milimita ɗaya tak na iya kai mutum ga buƙatar gilashi mai ƙarfin kusan diyofta uku. Diyofta ita ce lambar nan da likita ke rubutawa a takardar tabarau, da alamar tarawa ga masu rashin ganin kusa, da alamar ɗebewa ga masu rashin ganin nesa.

An daɗe ana ɗaukar duk wani rashin ganin kusa a matsayin tsufa kawai. Likitan da ya raba gardama shi ne Franciscus Donders na garin Utrecht a Holan, a littafinsa na 1864. Ya nuna cewa matsala biyu ce ake cuɗawa. Akwai wadda ke zuwa wa kowa bayan shekara arba'in, saboda madubin cikin ido ya sandare, shi ya sa dattijo ke miƙe hannu da takarda kafin ya iya karantawa. Akwai kuma wadda ake haifar mutum da ita, ta gajeren ido. Mai irin wannan yana yaro bai cika nunawa ba, domin jijiyar cikin idonsa na ta matsa madubin dare da rana tana rufa masa asiri. Zai karanta allon gwaji tsaf, amma da ya yi rabin sa'a a kan littafi sai ciwon kai da nauyin ido. Donders ya kuma gano dalilin da ya sa wasu yara ke yin harara-garke: ƙoƙarin matsa madubin a ɗaure yake da juyar da idanu wajen hanci, don haka yaron da ya cika matsawa sai ido ɗaya ya karkace ciki. Har yau yaro ɗan shekara biyu ko uku kan samu idonsa ya miƙe da tabarau mai tudu kawai, ba tare da an kai ga wuƙa ba.

Kamfanonin gilashin manne na son jingina asalinsu ga Leonardo da Vinci, saboda wani zane na wajejen 1508 da ya nuna mutum ya tsoma fuska cikin kwanon gilashi cike da ruwa. Wannan dai neman dangi ne da manya, domin Leonardo yadda ido ke aiki yake bincike, ba gyaran gani ba. René Descartes a 1637 ya zana bututu mai ruwa da za a kafa a kan ido, wanda mai shi ko ƙiftawa ba zai iya ba. John Herschel na Ingila, a wajejen 1827, shi ya fi kusantar gaskiya da ya ba da shawarar a ɗauki zubin ido a yi masa murfi daidai da shi. Duk a takarda suka tsaya, don ba mai yarda a taɓa masa ido da ransa da lafiyarsa.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne maganin kashe zafi. A 1884 wani matashin likita a Viyana, Carl Koller, ya gano cewa ɗigon ruwan koken, wadda yanzu aka fi sani da hodar iblis, na kashe jin ido na ɗan lokaci. Cikin shekara biyar abubuwa suka biyo juna. A 1887 gidan Müller na garin Wiesbaden a Jamus, masu sana'ar hura idon gilashi ga waɗanda suka rasa ido, suka yi wa wani majinyaci da cuta ta cinye wa fatar ido wani siririn ƙoƙon gilashi don kada idon ya bushe. A 1888 Adolf Fick, likitan ido a Zurik ta Suwizalan, ya wallafa sakamakon gwajinsa. Da zomaye ya fara, yana ɗaukar zubin idanunsu, daga nan ya koma kan idanun gawa, sannan ya saka a nasa idon kafin ya gwada wa majinyata. Gilashinsa ya kai faɗin milimita ashirin, ya rufe baƙin ido har da fari, ana cika ƙasansa da ruwan sukari kafin a kifa shi. Hankalinsa ya fi karkata ga masu tabo ko gurɓatacciyar koniya, waɗanda tabarau ba ya yi musu komai. Shekara guda bayan haka wani ɗalibin likita a Kiel, August Müller, ya sa aka goga masa nasa gilashin don gyara rashin ganin nesansa mai tsanani, diyofta 14. Ya gani tangaran, amma ko da koken bai iya wuce rabin sa'a da shi ba.

Dukansu sun ci karo da abu guda. Bayan 'yan sa'o'i ido kan yi ja, gani ya yi hazo, mutum ya riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila. Dalili shi ne koniya ba ta da hanyoyin jini ko ɗaya, shi ya sa take garai-garai. Iskar oksijin da take rayuwa da ita daga sarari take samu, ta cikin hawayen da ke lulluɓe da ita. Duk wanda ya kifa mata gilashi ya toshe mata hanci ne. Shekara ɗari da suka biyo baya, kusan duk wani ci gaba a wannan sana'a neman hanyar da ido zai sha iska ne.

Joseph Dallos na Budafes ya ƙware a ɗaukar zubin ido mai rai daga 1929, kafin ya koma Landan a 1937. A daidai shekarun nan aka samu wata roba mai tauri, garai-garai, wadda aka sayar da sunan Perspex a Ingila da Plexiglas a Jamus, ta fi gilashi sauƙin nauyi kuma ba ta fashewa. Sai a 1948 Kevin Tuohy, ma'aikacin wani ɗakin yin gilashi a Kaliforniya, ya nemi rajistar ɗan ƙaramin faifai da ke zama a kan koniya kaɗai. Labarin da ake bayarwa shi ne kuskure aka yi wajen yanka, tsakiyar wani babban gilashi ta rabu da gefensa, shi kuwa ya goge bakinta ya saka a idonsa. Wannan ƙaramin faifai yana motsi da kowace ƙiftawa, hawaye mai ɗauke da iska na shiga ƙarƙashinsa yana fita. Mutane suka fara wuni da shi.

To, a nan ne bambancin ya fito fili. Gilashin mai rashin ganin nesa siriri ne a tsakiya, kaurinsa a gefe yake, fatar ido ta sama kan kama gefen ta riƙe shi a mazauninsa. Na mai rashin ganin kusa kuwa nauyinsa duk a tsakiya yake, ya karkata gaba, ga gefe sulɓi ba abin kamawa. Da an ƙifta sai fatar ido ta tunkuɗa shi ƙasa, ya zame daga inda ake buƙatarsa. Ƙari a kan haka, lissafin haske ma bai goyi bayansa ba. Tabarau na zama ne kamar milimita 12 daga ido. Idan aka matso da gilashin har ya taɓa idon, mai -8.00 lambarsa kan sauko zuwa wajen -7.25, amma mai +8.00 tasa hawa take yi zuwa wajen +8.75. Wanda gilashinsa ya riga ya yi kauri, shi ake ƙara wa kauri. Masu yankan gilashi sun nemi dabara: suka taƙaita tudun a ɗan da'irar tsakiya, suka kewaye shi da wani siririn baki da aka ɗan ɗaga yadda fatar ido za ta samu abin riƙewa. Har yau da wannan dabara ake aiki.

Duk da wannan wahala, akwai wasu masu rashin ganin kusa da ba su da zaɓi: waɗanda aka cire wa yanar ido. Yana ba wani abu ba ce illa madubin cikin ido da ya gurɓace ya yi fari. Tun da Jacques Daviel na Faransa ya fara fito da shi ta tiyata a tsakiyar ƙarni na 18, majinyaci kan tashi da ido mai ganin haske amma ba madubi, ba ya rarrabe komai kusa ko nesa sai da tabarau na wajen +10 zuwa +12. Irin wannan tabarau azaba ne. Yana ƙara wa komai girma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mutum ya miƙa hannu ga kofi ya kama iska, bakin ƙofa ya lanƙwashe masa, matakala ta zama abin tsoro. A gefen gani kuma akwai wata da'ira da ba a ganin komai a cikinta, sai mutum ko mota su ɓullo masa kwatsam. Wanda aka yi wa ido ɗaya ya fi shiga uku, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya haɗa babban hoto da ƙarami, sai ya riƙa gani biyu-biyu. Gilashin manne na rage wannan ƙarin girma zuwa wajen kashi bakwai cikin ɗari, abin da ƙwaƙwalwa ke iya jurewa.

Sai dai a dubi wanda ake ba wa. Dattijo ne ɗan saba'in, hannu na karkarwa, kuma da zarar ya cire tabaransa ba ya ganin yatsansa, balle ɗan faifan da bai kai faɗin farce ba da ke kan yatsan. Ana so ya buɗe fatar ido da hannu ɗaya, ya saita da ɗayan, kowace safiya, ya cire kowane dare. In ya faɗi ƙasa sai an kira jika. Buƙatar irin waɗannan mutane ce ta matsa wa likitoci lamba su nemo gilashin da za a saka a bar shi kwana da kwanaki.

Kayan da aka yi wannan aiki da shi daga ƙasar Chekoslobakiya ya fito. Otto Wichterle masanin haɗa sinadarai ne a birnin Prag, wanda shi da abokin aikinsa Drahoslav Lím suka ƙirƙiro wata roba mai laushi, mai shan ruwa, da jiki ba ya ƙyama. Sun bayyana ta a mujallar Nature a 1960. Kafin nan, a 1958, hukumomin kwaminisanci sun riga sun kore shi daga jami'a saboda siyasa, sabuwar cibiyar binciken da aka ba shi kuwa ba a gama gininta ba. Don haka a gidansa ya yi aikin. A lokacin Kirsimetin 1961 ya ɗauko kayan wasan 'ya'yansa mai suna Merkur, 'yan guntayen ƙarafa masu ɓuli-ɓuli da yara ke haɗawa da noti, ya haɗa su da dainamon fitilar keken ɗansa da taransifoman ƙararrawar ƙofa. Injin na jujjuya 'yan ƙananan mazubai, ruwan robar da ke ciki ya bazu ya yi kwarmi, ya daskare a haka da baki sumul. Guda huɗu ya fara fitarwa, ya gwada a idonsa. Daga baya ya sauya dainamon da injin garmaho, shi da matarsa Linda suka zuba guda 5,500 a watanni huɗun farko na 1962. A 1965 hukumar kimiyya ta ƙasar ta sayar da haƙƙin fasahar ga wani kamfanin Amurka, daga nan ya kai hannun Bausch & Lomb, waɗanda suka fito da shi kasuwa a 1971 da sunan Soflens. Wichterle bai ci wata ribar a zo a gani ba. Bayan mamayar sojojin Tarayyar Sobiyet ta 1968 ma tsige shi aka yi daga shugabancin cibiyarsa, saboda ya sa hannu a takardar neman sauyi. Sai a 1990 aka naɗa shi shugaban hukumar kimiyyar.

Gilashi mai laushi ya kawo jin daɗi, amma bai kashe tsohuwar matsala ba. Iska na ratsa shi ne ta cikin ruwan da ya sha, kuma gwargwadon kaurinsa gwargwadon ƙarancin iskar da ke isa. Mai +12 kaurinsa na zaune daidai kan tsakiyar koniya. John de Carle na Landan ya ƙara yawan ruwan robar zuwa sama da kashi saba'in cikin ɗari, ya fito da Permalens a shekarun 1970. A Amurka, waɗanda aka cire wa yana aka fara yarje wa kwana da gilashi a ido, a 1979, kafin a buɗe wa kowa a 1981. An yi gaggawa. A 1989 binciken da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine ya nuna cewa mai kwana da gilashi a ido ya ninka mai cirewa da dare sau goma zuwa goma sha biyar wajen haɗarin gyambon koniya. Sai a ƙarshen shekarun 1990, da aka iya gauraya robar da silikon, iska ta fara ratsawa ninkin-ba-ninkin, kaurin tsakiya ya daina zama babban cikas.

Kafin nan dattawan da aka yi wahalar dominsu sun samu wata mafita. Harold Ridley, likita a Landan, ya lura lokacin yaƙin duniya na biyu cewa ɓarɓashin Perspex na murfin jirgi da ya shiga idanun matuƙa yana zama lafiya lau ba kumburi. A ranar 29 ga Nuwamban 1949, a asibitin St Thomas, ya dasa madubin roba na farko a cikin ido. Abokan aikinsa sun yi shekaru suna sukarsa, amma daga shekarun 1980 dashen ya zama ruwan dare.

Idon da ba madubi bai ƙare ba a arewacin Najeriya. Masu aikin yana na gargajiya ba fito da ita suke yi ba, da wani tsinke suke tura ta can cikin ido ta faɗi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa sama da kashi arba'in cikin ɗari na idanun da aka yi wa aikin yana ta wannan hanya aka yi, akasari a arewa, kuma kusan uku cikin huɗu nasu a makance aka same su. Wanda ya tsira daga cuta da hawan jinin ido ya zama mai matsanancin rashin ganin kusa, irin majinyatan Daviel. Gilashin manne ba shi ne maganinsa ba: yana buƙatar ruwan wanki na musamman, ko ruwan famfo bai kamata ya taɓa shi ba saboda ƙwayoyin cuta, ga ƙurar hunturu, ga tsada. Tabarau mai kauri ko dashe a asibiti ya fi masa.

Ga mai gajeren ido na yau da kullum, mai +2 ko +4, yau an wuce wurin. Akwai na wata, akwai na yarwa kullum da ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1990. Mai gajeren ido ma yana da wata riba da mai rashin ganin nesa ba shi da ita: idan ya bar tabarau ya koma manne, jijiyar idonsa kan rage wahala wajen karatu, ga shi idanunsa sun daina bayyana ƙwala-ƙwala a bayan gilashi. Waɗanda suka haura arba'in ana ba su mai zobba-zobba da ke haɗa kusa da nesa, ko a saita ido ɗaya don hanya ɗaya don littafi, ko da yake ba kowace ƙwaƙwalwa ke amincewa da wannan rabo ba.

Inda gilashi mai tudu ya kasance ba shi da na biyu shi ne wajen jarirai. Jaririn da aka haifa da yana dole a cire masa ita cikin makonnin farko, in ba haka ba ƙwaƙwalwa ta yi watsi da idon har abada. Idonsa ƙarami ne, don haka yakan buƙaci har +30, kuma lambar na sauka da sauri yayin da yake girma, abin da ke sa zaɓen madubin dashe ya zama caca. Akwai gilashin silikon zalla, Silsoft, da ake yi har +32 saboda su. Iyaye ake koya wa sakawa: a naɗe jaririn cikin zani kada ya yi fisge-fisge, a ɗaga fatar ido ta sama da babban yatsa, a zura bakin faifan ƙarƙashinta, a ja ta ƙasa ya zauna. Bayan haka a rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum don a tilasta wa mai raunin aiki. Wani bincike a Amurka ya bi jarirai 114 da aka cire wa yana a ido ɗaya kafin su kai wata bakwai, rabi aka yi musu dashe, rabi aka ba su manne. Da suka kusa shekara biyar ganinsu ya zo ɗaya, amma waɗanda aka yi wa dashe sun ninka sauran fiye da sau uku wajen komawa ɗakin tiyata. Masu binciken sun ba da shawarar a bar irin waɗannan jarirai da gilashin manne, a ajiye dashe ga gidan da ɗawainiyar sakawa da cirewa da sayen sabo za ta fi ƙarfinsa.